Hoto Ya Riga Kujera

A Abeche na fara gane cewa tafiyar ta fi ƙarfin shekaruna. Motar da ta ɗauko mu daga Injamena ta zubar da mu a bakin kasuwar dabbobi, direba ya ce zai je ya nemo taya, muka yi ta jiransa rana na fitowa tana faɗuwa. Ina zaune kan jakata a inuwar wata katanga, gwiwoyina sun kumbura. Wata mai shayi da har yau ban san sunanta ba ita ke miƙo min kofi safe da yamma, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Da na yi mata godiya da ɗan Larabcin Shuwa da na tsinta a kasuwannin Maiduguri, sai ta tambaye ni abin da ya fito da dattijo mai furfura daga gidansa. Na ce aiki. Ta dubi hannuwana, ta dubi gemuna.

Sunana Bukar, a gida Ba Bukar, wato Baba Bukar, amma a unguwannin Maiduguri, daga Moduganari har Dala, da Ofareta aka san ni, domin tun ina saurayi aikina haska fim a gidan silima. Karatuna bai wuce firamare ba. Abin da na sani a duniya shi ne majigi, da zaren fim, da almakashi. Da gidajen silima suka mutu, ni da abokina Ishaya, mutumin Biu wanda shi ne mai sayar da tikiti a da, muka buɗe ɗan gidan kallo a Dala da tsohon majigin da na tsira da shi. Ishaya ya yi ta nacin mu sayi irin na zamani, wanda ba a sa masa fim sai dai a haɗa shi da kwamfuta. Na ƙi. Na ce masa abin da ba zan riƙe a hannu in ɗaga wa rana in gani ba, wannan ba fim ba ne. Ba ni da gaskiya, amma murya ta fi tasa ƙarfi. Muna cikin wannan gardama rikici ya zo ya raba mu da ita. Ga dokar hana fita, ga tsoron taro, babu uban da zai bar ɗansa ya shiga ɗaki mai duhu da ƙofa ɗaya. Muka rufe. Ishaya ya koma aikin rubutu a cocinsu, ni kuwa na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ina kallon motocin soja, matata Falmata tana ciyar da mu da ɗinkin hula.

Shi ya sa da wani mutum mai daɗin baki ya ce akwai gidan silima a Khartum da har yanzu fim ake sawa, kuma ofareta suke nema, ban tsaya bincike ba. Falmata ba ta hana ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ba Bukar, ban aike ka atamfa ba. Ka dawo da aikin hannunka, ka daina kallon titi." Wannan maganar ce kayana mafi nauyi a hanya.

Mutumin ya rako ni har Injamena, ya karɓi abin da ya kira ladan hanya, ya ba ni kwatance, ya ce zai same ni a can. Daga Abeche muka tsallaka zuwa Junaina a ƙasar Sudan, daga nan muka bi ta Niyala a bayan babbar mota, kan buhunan gyaɗa. Duk shingen da muka tarar, da zarar an ji daga Maiduguri nake sai a ware ni gefe. A zazzage jakata, a tarar da almakashi da ɗan kwalban manne fim, in yi ta bayani da hannu da baki. Wani soja ya shinshina kwalban ya yi tari, ya jefo min shi, 'yan mota suka yi ta dariya har muka yi nisa.

A Khartum na samu gidan silimar kamar yadda aka kwatanta. Ginin na nan, har da tagar sayar da tikiti. Amma da na leƙa ciki, buhunan sukari ne jibge tun daga ƙasa har inda farin allo yake a da. Mai gadi ya ce tun yana yaro aka daina kallo a wurin. Mai daɗin bakin nan kuwa ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Na zauna a kan dakalin ƙofar, ban yi kuka ba, amma na kasa tashi har aka kira la'asar.

A masallacin da na shiga ne na ji wani yana wa ɗansa faɗa da Hausa. Sunansa Alhaji Sanusi, tela ne, kakansa ya taso daga ƙasar Kano da niyyar aikin hajji a ƙafa, ya tsaya nan ya huta, hutun ya zama zama. Ya kai ni gidansa ba tare da ya tambayi asalina ba. Hausarsa ta mutanen da ce, tawa kuma ta Barebari, kullum muna yi wa juna dariya. Ya ce ina magana kamar mai tauna dabino, na ce shi kuma kamar an tono shi daga rijiyar kakanni. Na yi watanni ina masa guga. Da ya ga kullum idona na kan hanya, sai ya ce in dai majigi ne ciwona, in gwada Masar. Ya tsaya min har na samu takardar shiga, ya haɗa ni da surukinsa mai fataucin zoɓo. Muka hau jirgin ruwa daga Halfa zuwa Aswan, daga can jirgin ƙasa ya kai mu Alƙahira.

Alƙahira ba ta san da zuwana ba. Sanyinta ya shiga ƙashina, Larabcina kuwa duk wanda na yi wa sai ya kira na kusa da shi ya zo ya ji. Gidajen silimarsu da na zagaya duk sun koma na kwamfuta, wasu ma ba su bar ni na wuce ƙofa ba. Na kwana a ɗakin wasu 'yan Sudan, mu da yawa, ina mafarkin burabusko da miyar kuka. A ƙarshe aikin shara na samu a wani katafaren filin wasa da ke bayan gari, irin wanda iyaye ke kai yara ranar hutu. Akwai lilo mai tsayin bene, akwai jirgin da ke hawa sama ya juye da mutane suna ihu. Na karɓi tsintsiya na gode wa Allah, amma da Falmata ta kira na ce mata ina aiki a wurin nishaɗi, ban faɗi wane iri ba.

Wata rana ina shara a bayan wani gini mara taga, sai na ji ƙara ta cikin bango. Tar-tar-tar, a jere, ba ta sauri ba ta jinkiri. Na jingine tsintsiya. Ko a kabari na ji wannan ƙarar zan gane ta, haƙoran majigi ne ke jan fim. Na bi wata matattakalar ƙarfe na hau, na tarar da ƙofa a buɗe, wani tsoho mai kaurin tabarau yana zaune gaban injin da ya fi ni tsayi. Ya daka min tsawa in sauka. Ban sauka ba. Na nuna masa wani ɗan gargare da ke rawa a gefen injin, na yi masa alamar yana son mai. Ya dube ni, ya ce in nuna masa hannuwana. Ya shafa kan yatsuna, ya ji kantar da gefen fim ya bari, sai ya jawo min kujera ya raba burodinsa biyu.

Sunansa Jirjis, kowa na ce masa Ammu Jirjis, wato Baffa Jirjis. Kirista ne, kuma yadda yake tsokanata da gemuna ya riƙa tuna min da Ishaya. Yana ce min Hajji duk da na gaya masa ban taɓa zuwa Makka ba. Shi ya je wurin manya ya ce idonsa ya yi rauni, yana son mataimaki, kuma ga wanda yake so.

Ɗakin da muke haskawa ba silima ba ce irin tamu. Fim ɗaya ne tal, gajere, ana maimaita shi tun safe har yamma. Kwalekwale ne ke tafiya a kogi, ya shiga kogo, kada ya taso masa, tsawa ta faɗi, daga ƙarshe ya gangara daga kan wani dutse ruwa ya watsu. Faɗin fim ɗin ya kusa tafin hannu, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma an haɗe kansa da wutsiyarsa yana zagayawa cikin wani babban akwatin gilashi. Kujerun 'yan kallo kuwa a kan ƙafafun ƙarfe suke, suna karkata, suna girgiza, suna faɗawa ƙasa, ga iska ga feshin ruwa a fuska. Wannan duk labari na ji. Ban taɓa zama a kansu ba. A wurinmu ofareta ba ya zama cikin 'yan kallo, kuma a raina wasan yara ne. Ni dai ta 'yar tagata nake leƙen allo, ƙarar injin ta cika min kunne.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Nan da can a cikin fim ɗin akwai guntayen baƙi, allo ya yi ƙifta ido ya wuce. Ammu Jirjis ne ke sa su duk inda fim ya yage. Ban tambaye shi dalili ba, na ɗauka ganda ce ta tsufa da raunin ido, na yi shiru don kada in kunyata shi. A Maiduguri mu ne ƙarshen layi. Fim sai ya gama yawo a Legas da Jos da Kano kafin ya iso mana, duk ya sha wuya. In ya tsinke, sai ka datse wurin da ya lalace, ka haɗa baki da baki, ka ci gaba. Babu mai lura an yi tsalle. Amma ka bar allo ya yi baƙi ko na ƙiftawa ɗaya, sai fito da ihun Ofareta su tashi, duwatsu su fara sauka kan kwanon ɗakinka. Da wannan tarbiyya na girma.

Sai aka kwantar da Ammu Jirjis a asibiti za a cire masa yanar ido, aka bar min injin. Na ce to, ga damar da zan saka wa wannan bawan Allah alherinsa. Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa sai in cire baƙi ɗaya ko biyu in haɗe wurin tsaf. Inda na ga ya fara yagewa ma in datse tun bai tsinke ba. Hoto ya koma sumul, ba ƙifta ko ɗaya, ina leƙe ta taga ina jin daɗin kaina. Guntayen kuwa ban zubar ba. Na samu gwangwanin madara ina tarawa, domin a gida haka muke yi. Yaran unguwa kan taru a gindin matattakala, ka ba kowa guntu, su ɗaga wa rana su ga ɗan mutum a ciki, wasu su yi majigin kwali da shi. A nan ma na riƙa ba yaran da suka fito, suna murna.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya fara. Yara na fitowa suna amai, manya na riƙe da kai suna cewa jiri. Mai kula da injinan filin wata mata ce, Injiniya Hala, doguwa mara yawan magana, kullum da makullai a ɗamararta. Ta sa aka kwance ƙafafun kujeru aka mayar, aka canja mai, aka duba wayoyi. Abin sai gaba yake. Na ji ana cewa manya sun ba ta wa'adi, in ba ta gano ba za a rufe ɗakin, ita ma kujerarta na rawa. Na tausaya mata ƙwarai, har addu'a na yi mata. Ko kusa ban kawo cewa abin ya shafe ni ba, tunda nawa ɓangaren bai taɓa yin kyau kamar lokacin ba.

Wata Juma'a ta zo da 'yarta. Yarinyar na zaune a gindin matattakala tana jiran uwarta, sai na sauko na ba ta guntu mai hoton kada, na nuna mata yadda ake ɗaga wa rana. Ta ruga da gudu ta kai wa uwar. Ban gama hawa ba na ji ƙarar makullai a bayana.

"Ammu Bukar, ina ka samo wannan?"

Na ɗauko gwangwanin na buɗe mata da alfahari, na ce duk dattin da ke cikin fim ɗin ne na tsabtace. Ta zazzage shi kan tebur. Sannan ta tambaye ni ko na taɓa hawa kujerun. Na ce ni ofareta ne.

"Sauko," ta ce.

Ta zaunar da ni a tsakiyar ɗaki ni kaɗai, ta ɗaure ni da bel, ta hau sama ta kunna da kanta. Da fari lafiya lau, har na fara sha'awar aikina a kan babban allo. Sai kwalekwale ya karkata hagu, kujerata na tsaye. Ya miƙe, sannan kujera ta karkata. Kada ya buɗe baki shiru, ya nutse, sannan na ji gurnaninsa. Da muka zo gangaren dutse idona ya faɗi, jikina bai faɗi ba. Hoto ya riga ya wuce, ruwa ya kwanta, sai kujera ta yi ƙasa da ni, feshi ya mare ni a fuska. Da ta kunce ni sai da na dafa bango.

A nan ta yi min bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Kujeru da sauti ba su ganin allo. Wani inji ne dabam ke tafiyar da su, shi kuma lokaci kawai yake bi daga sa'adda fim ya tashi. Duk guntun da ya lalace dole a sa baƙi daidai tsawonsa a madadinsa, don kada fim ya gajarce. Baƙin da na raina shi ke riƙe da tafiyar. Ni kuwa na yi ta gajarce shi har hoto ya tsere wa kujera.

Ta ce in tattara kayana. Takardar zamana a ƙasar a kan aikin take, na san ma'anar wannan. Na ga kaina a ƙofar gida a Moduganari, kan tabarmar nan, Falmata na wucewa da zaren hula. Na roƙe ta abu ɗaya, ta bar ni in mayar da abin da na cire kafin in tafi.

Washegari sai ga Ammu Jirjis da bandeji a ido ɗaya, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Wani ya kai masa labari. Ya hau matattakalar yana haki, ya tarar da ni da Injiniya Hala. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi. Sai ya fashe da dariya har ya riƙe bandejin.

"Ya Hajji, watanni kana kallon baƙaƙena kana cewa tsohon nan ya lalace, ko?"

Na ce haka ne.

"Ni kuma ina kallonka ina cewa wannan ya san komai, ba sai na gaya masa ba." Ya juya wurinta. "Ki kore mu tare, 'yata. Shi bai tambaya ba, ni ban faɗa ba."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce ɗakin zai zauna a rufe har mu gyara, in ya daidaita za ta duba. Muka zauna mu biyu, shi da ido ɗaya da ƙwaƙwalwar da ta haddace fim ɗin, ni da ido biyu da yatsu. Ina ɗaga guntu ga fitila in ce ga bakin kogo, ya ce wannan bayan jemagu ne, in nemo wurin in manna. Waɗanda na raba wa yara sun tafi ke nan, muka cike gurbinsu da baƙi. Da hannuna na yanka baƙin, na auna, na sa. Ranar gwaji ban jira an ce in sauka ba, na je na zauna na ɗaure kaina. Kwalekwale ya faɗi, na faɗi tare da shi, ruwa ya same ni daidai lokacin da ya watsu a allo. Na ji ihu a ɗakin, ashe ni ne. Injiniya Hala ta leƙo ta taga ta ce in zo in karɓi injina.

Amma kwanan injin ya riga ya ƙare. Fim ɗin ya tsufa, masu buga irinsa sun daina, manya sun yi odar na kwamfuta tun kafin ɓarnata. Aka zo aka kwance babban majigi aka sauke shi gunduwa-gunduwa. Ammu Jirjis ya shafa gefensa, ya ce shi ya gama, zai koma ƙauyensu. Abin da aka kafa a wurin akwati ne mara haƙora, mara ƙara, sai hucin fanka. Babu abin yankawa, babu abin shafa wa mai. Gaskiya hoton tsohon ya fi zurfi a idona, duhun kogonsa duhu ne na gaske. Amma sabon ba ya yagewa, ba ya karcewa, na safe da na yamma duk ɗaya, kuma hoto da sauti da kujera daga wuri ɗaya suke karɓar umarni, babu mai tsere wa wani.

Injiniya Hala ta ce tana da matasa masu jiran wurin. In zan koya in zauna, in ba zan koya ba in faɗa mata yanzu. Maganar da na gaya wa Ishaya ta zo min har bakin harshe. Na haɗiye ta, na ce zan koya.

Na sha wuya fiye da hanyar Niyala. Yatsuna masu kanta ba su jin maɓallai, in taɓa ɗaya biyu su amsa. Rubutun Turanci ne, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. Sau da yawa na kashe abin da aka ce in kunna. Ita kuwa ba ta da wasa amma ba ta gajiya, kullum bayan an tashi sai ta tsaya ta sa ni in maimaita. Ta koya min daidaita haske da kala, da share matatar ƙura, da yadda ake ja da hoto gaba ko baya har ya haɗu da sauti. Ranar da ta nuna min yadda ake yanka da haɗawa a kwamfuta, ka cire abu in bai yi ba ka mayar da shi ba tabo, sai na yi tagumi. Na ce da ina da wannan tun farko da ban sa 'ya'yan mutane amai ba. A ranar na fara ganin dariyarta.

Na riƙe ɗakin ni kaɗai har sanyi ya sake zagayowa ya wuce. Sai Ishaya ya kira. Ya ce gari ya fara lafawa, an sassauta dokar fita, za a buɗe filin wasan yara na gari don Babbar Sallah, kuma an ba shi wani ɗaki a ciki. Na ce da wane majigi. Ya ce ai tun shekarar da na ƙi ya sayi na zamanin a ɓoye, yana ƙarƙashin gadonsa cikin kwali, matarsa na ta mita.

"Ka dawo, Ofareta, in dai ba ka fi ƙarfinmu ba."

Injiniya Hala ta ce za ta nema min izinin fim ɗin kogin in tafi da shi. Na gode mata na ce a'a. Tsawar da ke cikinsa babu yaron Maiduguri da zai ji ta bai shige ƙarƙashin benci ba. Na ce muna da namu kogin.

Na iso gida kogin Ngadda ya cika. Muka ari kyamara wurin mai ɗaukar hoton biki, muka ɗaure ta a goshin kwalekwalen wani masunci, ya tuƙa mu ta ƙarƙashin gada, ta cikin ciyayi, ta gefen mata masu wanki, har wani ɗan gangare inda ruwa ke sauri. Ishaya bai iya ruwa ba, ya riƙe rigata yana kiran sunan Yesu, ni ina salati, masuncin na mana dariya. Na zauna na yanka na haɗa a tsohuwar kwamfutar ɗansa. Sauti kuwa ƙarar ruwa ce da filafili da kukan tsuntsaye, babu abin da zai firgita kowa.

Kujerun ƙarfe ba mu da su. Masu faci suka ɗora mana bencina kan tsofaffin tayoyi, muka samu majiya ƙarfi daga cikin mutanen Konduga da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira, kowane benci mutum biyu a bayansa. Muka sayo sabon injin feshi irin na gona, muka ba wani manomi, Ba Modu, wanda ya daɗe bai ga gonarsa ba. Ya goya shi a baya, ya gwada famfon, ya juya fuska gefe na ɗan lokaci. Na yi ta horar da su har suka gaji da ni. In na ɗaga hannun hagu a karkata hagu, in na sauke duka biyu a saki benci, Ba Modu ya yi feshi. Wanda ya riga ko ya makara sai mu koma farko. Suka ce wannan tsoho ya cika tsanani a kan wasan yara. Na ce su hau su gwada a makare, su ji.

Ranar Sallah da hantsi muka buɗe. 'Yan sa-kai na bincike a ƙofa, mun toshe tagogi da baƙin kyalle amma ƙofofi biyu a buɗe muka bar su, don iyaye su ga hanyar fita. Yaran suka shigo a ɗarare, da yawa daga sansani, suna riƙe da hannun juna. Ban hau ko'ina na ɓuya ba, a gaba na tsaya gefen allo inda masu benci za su gan ni. Na danna maɓalli. Ruwa ya cika bango.

Sai wata yarinya ta ce ga gadarmu. Kwalekwale ya karkata, na ɗaga hannu, bencina suka karkata tare da shi, ɗakin ya ɗauki ƙara. Na ga wata uwa a bakin ƙofa ta zabura, sannan ta gane dariya ce, ta koma ta jingina. Da muka zo gangaren na sauke hannu biyu, benci ya faɗa, feshin Ba Modu ya sauka daidai da ruwan allo, ko ƙiftawa babu tsakani. Yaran suka miƙe suna cewa a sake. Muka yi ta sakewa har masu benci suka jiƙe da gumi, layi a waje ya kai bakin lilo.

Da la'asar muka tsaya. Ishaya ya zo yana goge wuya, ya miƙo min hannu.

"To Ofareta, ba ni fim ɗin in ɗaga wa rana."

Na laluba aljihu na ba shi guntu ɗaya da na taho da shi daga Masar. Ya ɗaga, ya juya shi, ya ce ai wannan baƙi ne, babu komai a ciki. Na ce ya ajiye shi da kyau, zan ba shi labarinsa in ya sayi shayi.

Falmata ce ta fito ƙarshe daga bencin mata, mayafinta ya jiƙe a kafaɗa. Ta tsaya tana matse bakinsa, ba ta dube ni ba.

"Gobe ma akwai?"

Na ce akwai, har jibi, har bayan Sallah in Allah ya yarda.

"To ka zo mu tafi ka ci abinci," ta ce. "Mai aiki da safe ba ya zaman hira."